Minti Huɗun da Na Ɗora wa Baba Ladan

Ni ne na kafa allon nan na lokutan salla a masallacin unguwarmu a Koki, kuma ni ne na ce lissafi ba ya ƙarya. Gara in faɗi wannan tun da fari, don har yau in aka tayar da zancen azumin shekarar nan, mutane sukan yi min kara su ce kwamfuta ce ta yi kuskure. Kwamfuta ba ta yi komai ba, abin da na sa ta shi ta yi.

Sana'ata rubuta manhaja. A lokacin ina aiki a wani ɗan ofis a saman bene kusa da Ƙofar Mazugal, mu uku, muna yi wa makarantu abin ajiye sunayen ɗalibai da sakamakon jarrabawa. A unguwa kuwa ba wanda ya damu da bambancin mai rubuta manhaja da mai gyaran waya. Duk wanda wayarsa ta ƙi kamawa ƙofar gidanmu yake yi wa tsinke, kuma Injiniya suke ce min, rabi girmamawa rabi tsokana. Ni kuma na riƙe rabin girmamawar, na yi kamar ban ji ɗaya rabin ba.

Shugaban kwamitin masallacinmu wani Alhaji ne mai sayar da yadi, mutum mai son a ga abu ya yi tsaf. Ya je Umara ya ga alluna masu nuna lokutan salla, ya dawo da abin a ransa. Saura 'yan makonni a kama azumi ya aiko aka kira ni, na tarar da sabuwar talabijin a jingine a zaurensa ko ledar ba a cire ba. Ya ce so yake a rataye ta a bangon gabas, ta riƙa nuna lokacin kowace salla da mintin da ya rage. Ya tambaye ni ko zan iya. Na ce wannan ai aikin yini ɗaya ne, alhali ban taɓa yin irinsa ba.

Abin da na dogara da shi shi ne malamina. Shi ya koya min rubuta kod tun ina zuwa shagonsa ina buga wa mutane takardu, daga baya aiki ya mai da shi Kaduna. Na san ya taɓa yi wa masallacin unguwarsu irin wannan allo. Da na je wani suna a can na biya ta gidansa, ya zuba min aikin gaba ɗaya a filashi. Yana miƙo min yana cewa in tuna in canza lambobin gari. Lambobi ne guda biyu da ke nuna inda gari yake a doron ƙasa, da su ake lissafa fitowar rana da faɗuwarta. Na ce masa ai wannan ko ba a faɗa ba.

Sai na ɗan yi bayanin yadda kod yake, don wanda bai taɓa gani ba. Rubutu ne a fayil-fayil da yawa, cike da sunaye. Suna ɗaya za ka gan shi a wuri hamsin ana aiki da shi, amma wuri ɗaya ne tak aka raɗa masa sunan aka faɗi abin da yake ɗauke da shi. Wannan wurin shi ne asalinsa. In kana son sanin gaskiyar abin da suna yake yi, can za ka je ka karanta. Manhajar da muke rubutu a cikinta, wadda muke kira edita, tana da wani ɗan aiki na musamman saboda haka: ka ɗora linzami, wato 'yar kibiyar nan ta kwamfuta, a kan suna, ka danna maɓalli ɗaya, ta ɗauke ka ta dire ka a kan asalin, ko da yana can cikin wani fayil da ba ka taɓa buɗewa ba. Malamina ya nuna min wannan tun da daɗewa. Ni kuwa na kashe shi a tawa kwamfutar, don tsohuwa ce, in ya kama aiki sai ta riƙa huci tana shanye caji. Bayan haka ma ina ganin abin ragwaye ne. Ni in ina neman suna, sai in buga shi a akwatin bincike, in bi jerin da ya fito da ido, in zaɓi wanda na ga ya yi kama. Shekara da shekaru haka nake yi, kuma ina alfahari da hakan.

Akwai kuma wata ɗabi'a da na taso da ita, wadda ban taɓa zaton za ta bi ni har cikin kwamfuta ba. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, yana ba da karatu a zauren gidanmu, kuma yawancin littattafansa na hannu ne, waɗanda malamansa suka kwafa. In ya ga kuskure a ciki ba ya kankarewa, ba ya ja masa layi. Sai ya rubuta daidai ɗin a gefen shafi da ƙananan baƙaƙe, ya bar na malaminsa yadda yake. Na taɓa goge wata kalma da ya rubuta min a allo saboda na ga kamar ya yi tuntuɓen alƙalami, ranar na sha faɗan da har yau ina jin sa a kunnena. Ba a goge hannun malami, haka ya ce, a gefe ake gyara.

To da na buɗe aikin malamina na ga fayil ɗinsa mai lambobin Kaduna, hannuna ya ƙi zuwa. Ban tsaya na yi tunani a kai ba ma. Na buɗe sabon fayil a gefensa, na kwafi tsarin yadda yake, sunan da ya ba abin, wato gari, shi na ba nawa, na zuba lambobin Kano. Na je shafin da ke zana fuskar allo na nuna masa nawa fayil ɗin. Na kunna, sai ga KANO ɓaro-ɓaro a sama da manyan baƙaƙe, ga lokutan salla biyar a jere. Na buga gari a akwatin bincike don in tabbatar, nawa ya fito a sahun farko, na gan shi da idona. Na rufe kwamfuta na tafi cin abinci.

Aka rataye allo, aka yi addu'a, Alhaji ya yi ta nuna wa baƙi. Kwanakin farko ba wanda ya lura da komai. Azahar da La'asar dama ba a kan minti ake kiransu ba, sai an ɗan jinkirta mutane sun taso daga kasuwa. Sai da azumi ya kama, ranar farko, masallaci ya cika da masu jiran shan ruwa, kowa da dabino a hannu da ido a kan allo. Allo yana cewa saura minti huɗu, sai muryar Baba Ladan ta tashi a lasifika.

Baba Ladan tun kafin a haife ni yake kiran salla a masallacin nan. Ɗan siriri ne, mai ɗinkin hula, ba shi da yawan magana in ba a lasifika ba. Ba ya ɗaura agogo. In magariba ta gabato sai ya ja makirufo mai doguwar waya ya hau matakalar bayan masallaci zuwa sama, ya tsaya shi kaɗai, in ya gamsu ya kira. Shekarun baya yanar ido ta fara rufe masa na hagu, kowa ya sani, amma ba wanda ya taɓa haɗa wannan da kiran salla sai da allona ya zo.

Ranar farko aka yi dariya aka sha ruwa. Rana ta biyu aka kalli juna. Kafin a yi kwana biyar ƙus-ƙus ya cika unguwa, wai tsufa ya kama Baba, ba ya gani, yana sa mutane buɗa baki rana ba ta faɗi ba. Wayoyin mutane ba su raba gardamar ba, ta wannan ta ce lokaci ya yi, ta wancan ta ce saura biyu, takardun jadawalin da ake rabawa su ma kowace da nata. Sauran masallatai kuwa, duk wanda ya zauna a cikin birni ya san kiran magariba ba tare yake tashi ba. Wani ya fara daga can, wani ya karɓa, a ɗauki mintuna ana yi. Baba dai kullum yana cikin na farko-farko. Tawa wayar ma ta fi kusa da Baba a kan allona, na gani sarai. Sai na ce wa kaina ai waɗanda suka yi ta ko hanyar Kano ba su sani ba, ni kuwa da hannuna na zuba lambobin.

Daren shida ga wata, ana fitowa daga sallar magariba, Alhaji ya tare ni a bakin ƙofa gaban mutane. Ya ce in gaya masa tsakani da Allah, allon nan daidai yake ko kuwa. A nan ne na cika bakin. Na ce ranka ya daɗe, ido yana iya gajiya, amma lissafi ba ya ƙarya. Na ji daɗin maganar a bakina lokacin da take fita. Washegari na ji ta a wurin mai ƙosai, na ji ta a bakin famfo, har an ƙara mata gishiri.

Ba zan zalunci Alhaji ba, ba ƙin Baba yake yi ba. Tsoro ne ya kama shi na gaske, don Liman ya ce in ta tabbata kafin faɗuwar rana ake kira, duk wanda ya sha ruwa da wannan kiran sai ya rama. Mutanen unguwa guda ke nan, da tsofaffi da masu ciki da masu aikin ƙarfi a rana. Kwamiti ya zauna, aka tsayar cewa ranar Juma'a bayan an sauko za a roƙi Baba ya huta, a samu wani ya riƙa kira da allo, Liman kuma ya sanar da yawan kwanakin da za a rama. Huta aka ce, amma kowa ya san abin da ake nufi. Mutum ya yi shekara arba'in yana kira, a sauke shi a kan ya karya wa unguwa azumi, da wannan za a riƙa tuna shi.

A gida ma ban samu sauƙi ba. Umma, mahaifiyata, ko kallon agogo ba ta yi. Tana jin muryar Baba za ta kai kofin kunu baki. Na ce mata ta ɗan dakata minti huɗu don kauce wa shakka, ta dube ni sama da ƙasa ta ce da muryar nan ta sha ruwa tana da cikina, ba kuma talabijin ce za ta koya mata magariba ba. Na yi fushi na bar mata tsakar gidan. Ni kaɗai nake zama da dabino a hannu ina jiran mintunan su cika, ina jin ƙarar cokula.

Ranar Laraba bayan La'asar aka yi sallama da ni. Na fito na tarar da Baba Ladan a tsaye a ƙofar zaure, da hular da yake ɗinki a hannu, allura a soke. Na zaci faɗa ya zo yi, har na fara tanadin amsa. Muka gaisa, ya tambayi Umma, ya tambayi aiki. Sannan ya ce tambaya ɗaya ce ta kawo shi.

"Ɗana, ni a saman masallaci nake tsayawa in duba. Shi injin naka, a ina yake tsayawa?"

Na ce a Kano mana, Baba, ga shi nan a rubuce a saman allon.

"To, madalla. Ka dai ƙara tambayarsa."

Ya juya ya tafi a hankali yana bin gefen kwata. Ba ƙorafi, ba roƙo. Da zagina ya yi da na samu abin riƙewa, amma wannan tambayar ta bi ni har ɗaki. Na buɗe kwamfuta don in huce haushi, na buga gari a akwatin bincike, nawa ya fito, lambobin Kano. Na duba su da littafin taswira, daidai. Na sake bugawa har sau uku kamar wani abu zai canza. Fayil ɗin malamina ma yana cikin jerin, can ƙasa, ina ganinsa ina tsallakewa, don a raina na riga na ajiye shi a gefe, tsohon rubutu ne da aka bari don ladabi.

Da safiyar Alhamis, saura kwana ɗaya, na kasa aikin ofis. Na fita baranda na kira malamina a waya. Ban ce masa ina shakka ba, girman kai bai bari ba. Na ce dai wani tsoho ne yake ja da allon, ina son ya tabbatar min lissafinsa ba shi da matsala. Ya tambayi minti nawa ne bambancin, na ce huɗu.  Sannan ya tambaya ko na canza lambobin gari. Na ce tun ranar farko, na ma bincika sau ba adadi.

"Da me ka bincika?"

Na faɗa masa. Sai na ji ya ja dogon numfashi irin wanda yake ja a shago in na ɓata wa mutum takarda.

"Bincike duk mai irin sunan zai kawo maka, ba ruwansa da wanda ake aiki da shi. Je ka inda ake lissafa magariba, ka ɗora linzami a kan sunan, ka danna maɓallin F12. Kada ka zaɓa masa. Bar shi ya kai ka da kansa."

Na ce ai na kashe wannan abin. Ya ce ya sani, in kunna.

Na koma ciki na kunna. Sai da na sayi data, abin ya sauko, sannan ya shiga bin fayilolin ɗaya bayan ɗaya yana haɗa wane suna daga ina ya fito. Kwamfutar ta kama huci, wani ɗan da'ira yana ta juyawa a ƙasan allo. Ban san minti nawa aka ɗauka ba, na dai san na tashi na zauna ya fi sau uku, abokan aikina suna kallona ta wutsiyar ido. Da ya tsaya na buɗe fayil ɗin lissafi, wanda ban taɓa karantawa ba tun da aka ba ni, don na ɗauka aikin malam ba ya buƙatar dubawa. Na gangara har layin magariba. Ga sunan nan, gari. Na ɗora linzami, na yi bisimilla, na danna.

Allon ya ƙifta, wani shafi ya buɗe. Ba nawa ba ne. Fayil ɗin malamina ne, ga lambobinsa biyu, ga ɗan bayanin da ya rubuta a samansu da irin gajeren rubutunsa: masallacin unguwarmu, Kaduna.

Na koma baya na sake dannawa, ya sake kai ni can. Na je shafin fuskar allo na danna sunan a nan, ya kai ni nawa fayil. Shi ke nan magana ta fito. Sunan garin da ake gani a sama daga wurina yake zuwa, lissafin kuwa gaba ɗaya daga na malam. Kaduna tana yamma da mu, rana takan riga faɗuwa a nan kafin can da 'yan mintuna. Tun ranar da aka rataye shi allona yana tsaye a Kaduna yana kallon rana, da sunan Kano a goshi.

Na zaci kunya ce za ta fara zuwa, amma ba ita ba ce. Wani sanyi ne ya sauko min tun daga wuya har ƙafa, na ji kamar an sauke min buhu daga ka. Ba wanda zai rama ko kwana ɗaya. Umma ba ta sha ruwa da rana ba. Baba bai yi kuskure ba. Na kifa kai a kan tebur ina ta alhamdu lillahi, har ɗaya abokin aikin ya taso ya tambaya ko lafiya. Sai da na ɗago na duba layin asuba sannan na ga ɗaya ɓarnar. Ita ma minti huɗu take baya. Da an sauke Baba an koma kira da allo, da daga ranar Asabar mutane suna cin sahur bayan alfijir ya keto, kuma da ni ne zan karya musu azumin da gaske. Kunyar a nan ta iso, ta kuma zauna.

Na sake kiran malamina na gaya masa. Ya tambayi dalilin da ya sa ban goge nasa lambobin na zuba nawa a wurin ba, kamar yadda kowa zai yi. Na yi ta kame-kame, daga ƙarshe na faɗi gaskiya, na ce ban iya goge hannunsa ba. Ya yi dariya har da tari. Ya ce Allah ya jiƙan mahaifina, amma littafin zaure mutum ne yake karanta shi, ya ga na tsakiya ya ga na gefe ya san wanda zai ɗauka. Inji kuwa inda aka nuna masa tun farko nan zai yi ta zuwa har tashin duniya. Ya ce in goge, ya yafe, ba wahayi ba ne. Duk da haka sai da yatsana ya ɗan tsaya a kan maɓallin. Na goge, na bar gari guda ɗaya tak a cikin aikin, na bi duk inda sunan ya fito ina danna F12, kowanne yana dire ni a Kano. Magariba ta matso da minti huɗu.

Daga ofis kasuwa na wuce wurin Alhaji. Na same shi yana auna wa wata mata yadi, na jira ta tafi, na durƙusa na faɗa masa komai ba tare da na sakaya ba. Ya daɗe yana naɗe yadin da ya riga ya naɗu. Ya ce a gaban mutane na yi waccan maganar, don haka a gaban mutane zan warware ta, gobe bayan an sauko daga Juma'a. Na ce na yarda. Har na kai bakin shago ya kira ni, ya ce shi ma kwana uku ke nan abinci ba ya masa daɗi, Allah ya sa haka ne mafi alheri. Washegarin na tashi na faɗa, wasu suka yi dariya, wani dattijo ya ce a daina ce min Injiniya sai bayan salla. Wannan duk ya wuce, bai ma yi zafin da na zata ba.

Abin da ya zauna min shi ne yammacin Alhamis ɗin. Bayan na gyara allon masallaci na tsaya a gindin matakala da kwamfutata a hammata har Baba ya zo yana jan wayar makirufo. Na ce ina son in hau tare da shi in ya yarda. Ya dube ni da idon nan mai kyau, ya ce in riƙe masa wayar kada ta harɗe.

Ban taɓa hawa saman masallacin nan ba, ni da aka haifa a bayansa. Rufin kwano ne ko'ina, da tankunan ruwa, da hayaƙin masu suya yana tashi daga lungu-lungu. Rana ta yi ja tana gangarawa ta wajen Dala. Na buɗe kwamfuta na ɗora a kan katanga, na shiga yi masa bayani, fayil kaza, suna kaza, Kaduna. Ya ɗaga min hannu alamar in dakata, ba lokacin magana ba ne.

Na ɗauka ranar zai zuba wa ido. Ya dai kalle ta har ta shige bayan gidaje, sannan ya juya mata baya ya fuskanci gabas. Daga baya ne ya gaya min gini da dutse sukan ɓoye rana tun ba ta faɗi ba, don haka wanda ya koya masa ya ce kada ya yarda da yamma ita kaɗai, ya jira sai ya ga duhu ya taso daga gabas. Na bi inda yake kallo. Can ƙasa, saman rufin gidaje, wani shuɗi mai duhu yana tasowa a hankali, abin da na yi shekara talatin da wani abu a garin nan ban taɓa lura da shi ba. Idona ɗaya a can, ɗaya a kan kwamfuta. Saura minti ɗaya. Saura rabi. Lambar ta cika, Baba bai motsa ba. Ya ƙara kusan rabin minti yana kallo, sannan ya gyara tsayuwa, ya sa yatsa a kunne, ya kira.

Da ya gama ya zauna a kan katangar, ya laluba aljihu ya fito da dabino biyu, ya miƙo min ɗaya. Muka sha ruwa daga 'yar butarsa. Sannan na ba shi labarin tun daga farko, na ce laifina ne, ni na ja masa duk maganar da aka yi, ya yafe min. Na ce gobe zan faɗa a gaban kowa, ba wanda zai taɓa masa makirufonsa.

 Ya juya ƙwallon dabinon a tafin hannunsa, ya tambaye ni ko na tabbata, tun daga ranar farko har yau, ba ranar da ya riga rana. Na ce na tabbata, Baba, ko sau ɗaya. Na juyo masa kwamfutar ya gani, ko kallonta bai yi ba.

"Ni ba saukewar ce ta dame ni ba, ɗana. Idon nan nawa na san ya ragu. Kullum in na sauko sai in ce, in fa yaron nan ne da gaskiya? Azumin mutum nawa ke nan a wuyana?"

Ya share ido da bakin rawaninsa. A ƙasa an fara tayar da iƙama, ya miƙe yana naɗe wayar a hannu.

"Ashe ban karya wa kowa ba," ya ce, ba da ni yake ba. Sannan ya ce in wuce gaba in riƙe masa hannu, matakalar nan ta fi wuyar sauka.